Ranar da Kafin Tunau Ta Jefi Shaho

Ku gyara zama, ku kifa wayoyin nan a kan tabarma, domin labarin da zan ba ku ba a jin sa da kunne ɗaya. In na kai ƙarshe shari'a zan bar muku, kuma kada wani ya ce mini ai duk ɗaya ne, don ba zan karɓa ba.

Akwai wasu 'yan'uwa uku a birni, uwa ɗaya uba ɗaya, sana'arsu shirya fim. Babbansu Sallau, ƙato ne, tsohon ɗan kokawa, shi ke fitowa a jarumi. Mai bi masa Hansatu, ita ke rubuta labari. Autansu Rabe, magidanci mai mata da jaririya, shi ke riƙe kyamara, kuma ya fi kowa ƙarancin magana. Tun suna yara suka kamu da son finafinan nan na ƙetare, na jarumai masu ɗamammiyar riga da mayafi a gadon baya, waɗanda ke tashi sama su tare jirgi da hannu ɗaya. Ni dai har yau ban gane yadda mutum da gemunsa zai yi wannan shiga ya fito bainar jama'a ba, amma ba wanda ya nemi ra'ayina.

Kallon ba shi ne abin ba, musun da ke biyo baya ne. Sallau a wajensa mugu mugu ne, ba sai an tona asalinsa ba, kuma duk inda jarumi ya tsaya nan jama'a za su tsaya. Hansatu kuwa takan ce ba wanda ke tashi da safe ya ce yau sai na hallaka gari don nishaɗi. Duk mugun da ka gani akwai abin da aka yi masa, in ba a faɗi abin ba to ba a ba da labari ba, dambe kawai aka yi. Shi Rabe mutanen garin da ke cikin fim ɗin ne ke ba shi tsoro. Yakan ce ku duba, yau an cece su suna tafi, gobe su ne a titi suna cewa a kama jarumin don ya rushe musu gada wajen ceton. A ganinsa taro ba ya jin dalili, ba ya riƙe alheri, abin da idonsa ya gani a lokacin shi kaɗai ya sani.

Mai zama gefe yana jin su shi ne Baba Korau, aminin marigayi mahaifinsu, tsohon ɗan wasan kwaikwayo tun zamanin dandamali. Shi ya riƙe su bayan rasuwar uban, shi ya koya musu aikin, ba su da wani uba a duniya sai shi. Ba ya shiga musun. In sun matsa masa ya raba gardama sai ya ce shayinsa zai huce.

Da suka gaji da musu a kan na wasu sai suka yi nasu. Suka ƙirƙiro jarumi mai suna Shaho, tela ya ɗinka masa riga ruwan ƙasa, aka cusa mata soson katifa a ƙirji da baya, aka yi masa fukafukai. Kashi na farko ya karɓu. Masu tura fim a waya suka kai shi ƙauyukan da ko mota ba ta shiga, har ta kai Sallau ba ya iya sayen tsire ba a kira shi Shaho ba. Amma Hansatu ta ɗaura aniyar a kashi na biyu sai ta yi mugun da mai kallo zai ƙi shi kuma ya tausaya masa. Ta rubuta wani mai suna Ƙishirwa, mutumin da wani gari ya hana danginsa ruwa a shekarar fari, ya girma ya dawo don ya ɓata musu rijiya. Baba Korau ya ce shi zai fito a Ƙishirwa, kuma shi zai zaɓi rijiyar. Ya zaɓi ta wani ƙauye mai nisa, Kafin Tunau. Rabe ya yi mamakin yadda tsohon ya san da ita, amma bai tambaya ba.

Rabe aka tura neman izini. Mai gari ya ba shi, ya ce zai sa a yi shela, sai rasuwa ta taso a wani gari ya tafi ta'aziyya, maganar shela ta bi ruwa. Da suka iso ranar ɗauka Rabe ya gane ba wanda ya san da zuwansu, kuma Allah ya gani, daɗi ya ji. Duk mai riƙe kyamara ya tsani 'yan kallo, masu leƙo kai su ɗaga hannu a tsakiyar fitowar kuka. Bazara ce, maza na can suna sharar gona, mata sun gama ɗiban safe, bakin rijiya fayau. Ya ce a yi maza a gama kafin a farga.

Dabararsa mai sauƙi ce. Ya gitta sanda a cikin bakin rijiyar, ƙasa kaɗan yadda ba a gani daga waje, ya rataya bokiti a jikinta. Ƙishirwa zai zo da baƙaƙen kaya da rufaffiyar fuska ya tuttule jan ruwa daga kwalba. Mai kallo zai ga guba ta shiga rijiya, alhali zoɓo ne ya shiga bokiti. Zoɓon kuwa Baba Korau ne ya dage shi zai dafo, ya zo da shi a jarka. A hanya ma zafi ya ishi Sallau ya kai hannu zai kurɓa, tsohon ya fizge jarkar ya ce, "Wannan ba na sha ba ne." Aka yi dariya aka wuce wajen.

Don a ga Ƙishirwa shi kaɗai a fili, Rabe ya kai kyamara can nesa ya hau rufin wani kango, Hansatu na tsaye a ƙasansa. Sallau ya laɓe bayan katanga cikin rigar Shaho yana jiran kira. Aka ɗauka, aka sake, aka kuma sakewa, don Rabe ba ya gamsuwa da wuri, har jarka ta ƙare. A ɗauka ta ƙarshe ne wata mata ta ɓullo da tulu. Ba ta ga kyamara ba, ba ta ga bokiti ba. Baƙo ta gani da rufaffiyar fuska yana zuba jan abu a ruwan da 'ya'yanta ke sha. Ta saki tulun ta kurma ihu, kuma ni ban ga laifinta ba.

Kafin Rabe ya sauko daga rufi gari ya taru, maza sun rugo daga gona da abin da ke hannunsu. Baba Korau ya ɗaga hannu zai cire abin fuskarsa ya yi bayani, dutse ya same shi a goshi ya zube jikin rijiya. Wani ya zura gora yana laluben abin da aka zuba, ya ture sandar da aka gitta, bokiti ya yi ƙasa da duk abin da ke cikinsa. Can baya har an fara kiran a kawo taya da fetur. Tsohon da ya riƙe marayu uku har suka zama mutane yana kwance, saura ƙiris a kashe shi a kan fim.

Sallau ne ya fara isa. Ta saman katanga ya diro, fukafukai a buɗe, ya faɗo tsakiyar taro kamar yadda yake yi a fim. Hannuwa suka tsaya a sama da duwatsunsu. Samari suka gane shi, aka ɗauki sowa ana cewa ga Shaho, aka dare masa hanya, har da masu ɗaga waya. Wannan ɗan tsaikon shi ya hana sauran duwatsun sauka a kan tsohon. Sallau ya ga maganarsa ta tabbata, jama'a na bayan jarumi.

Sai dai ba ta daɗe ba. Taron ya ɗauka ya zo yin abin da ya saba ne, suka shiga cewa ya gama da shi su gani. Sallau ya ɗaga murya ya ce fim ake ɗauka, wannan ubansa ne. Ba su ji ba, ko kuma sun ji ba su so ba. Da ya ga hannuwa sun sake ɗagawa sai ya kifa a kan tsohon, ya rufe shi da ƙirjinsa da fukafukan soso, ya kafe, aka ja aka ja aka kasa ɗaga shi. Bakin da ya yi masa sowa ɗazu shi ya ce ashe da shi aka haɗa baki. Duwatsun da aka ɗebo don Ƙishirwa suka sauka a kan Shaho. Soso ya tare wasu, bai tare na haƙarƙari da na baki ba. Da ya so tashi ya gudu ba mai iya riƙe shi, amma ya ƙudurta a ransa sai dai a kwashi gawa biyu.

Rabe ya kutsa da kyamara a sama yana cewa ga shaida. Waɗanda suka leƙa, abin da suka gani shi ne baƙo yana tuttula jan ruwa a rijiya, ba sau ɗaya ba, bokiti kuwa ko alamarsa babu, don Rabe ya iya aikinsa. Gwanintarsa ta zama shaida a kan ubansa. Aka hankaɗe shi gefe, wuri ya ƙara rincaɓewa.

Hansatu ta ga ƙarfi ya kai iyakarsa, hoto kuma ya juya musu baya. Akwai amalanke a gefe, ta tattare mayafinta ta hau. Ba ta ce fim ne ba, don an riga an faɗa ba a ji ba. Ta nemi masu furfura a bayan taro, da su ta yi magana.

"Iyayena, kafin ku kashe shi, kun san wa kuke kashewa? Korau ne, ɗan masassaƙin tungar bayan dutse. Yayan Delu."

Samari ba su san sunan ba, amma tsofaffi sun sani. Ta ci gaba. Ta tuna musu shekarar farin da ruwa ya ja baya, aka yi wa rijiyar nan murfi aka sa kwaɗo, aka ce ban da mutanen tunga. Ta faɗi yadda Korau yana ƙarami ya zo da ƙanwarsa a goye da ƙwarya a hannu, ya tsaya daidai inda yake kwance yanzu, aka ce ya koma. Suka koma shan kududdufi, amai da gudawa ya shiga tunga, Delu ta rasu, tungar ta watse. "Ni na rubuta labarin fim ɗin nan," in ji ta, "amma ba ni na ƙirƙire shi ba. A nan aka yi shi."

Rabe bai taɓa sanin wannan ba. Hansatu kaɗai tsohon ya faɗa wa, lokacin da take neman dalilin da za ta ba Ƙishirwa, kuma ya sa ta yi alkawarin ba za ta fitar ba ko bayan ransa. Ga shi ta hau amalanke ta shelanta wa mutanen da ya fi ƙin su ji.

Wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta dogara sanda ta fito. "Na tuna yarinyar," ta ce. "Mijina ne ya riƙe mabuɗin. Ruwan da ya rage bai isa a jiƙa zani ba, 'yar nan, mu ma 'ya'ya gare mu. Ba don mugunta muka yi ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma mun yi." Ta juya ta kama hannun jikanta ta karɓe dutsen. Dattawa suka shiga tsakani, kowa ya riƙe nasa. Jifa ta tsaya, maganar taya ta mutu, kuma da an ƙara jimawa da Sallau ma bai kai labari ba.

Amma dalilin da ya sanyaya tsofaffi shi ya ba samari hujja. Wani ya ce, "To ai ta faɗa da bakinta, ramuwa ya zo yi." Ya zura guga ya jawo, ruwan ya fito jaja-jaja a idon kowa. Suka ce ba inda za a kai mutumin nan, in zoɓo ne kamar yadda ake faɗa to ya tashi ya sha. Tsohon kuwa a sume yake jini na zuba, Sallau bakinsa ya fashe ko yawu ba ya iya haɗiya. Duk wanda ya dube su ya san in ba a kai su asibiti yanzu ba, jifar da aka riga aka yi ta isa.

Rabe na tsaye kusa da gugan. Kuna zaton abin mai sauƙi ne tunda ya san zoɓo ne, ko? To bai sani ba. Da safe ya sani, yanzu kuwa komai ya dawo masa da wata kama. Tsohon ne ya zaɓi rijiyar, tsohon ne ya dage shi zai dafo abin zubawa, shi ne kuma ya fizge jarka ya ce ba na sha ba ne. Daga kan rufi Rabe ba zai iya rantsewa kowace kwalba a bokiti ta sauka ba. Ga kuma dalilin da yayarsa ta shimfiɗa, wanda shi kansa ya ji da shi aka yi wa, bai san abin da zai aikata ba. Ya ji kunyar zargin har cikin ransa, amma zargin bai tafi ba. Ya tuna matarsa da jaririyar da ko zama ba ta fara ba. Sannan ya tuna maganarsa ta kullum, cewa taro ba ya yarda sai da abin da ido ya gani. Ya ce a zuci, in Baba mai gaskiya ne shan nan zai fid da shi, in kuwa ba haka ba, gara abin ya fara ta kaina da ya fara ta kan 'ya'yan mutane.

"Zan sha, in zauna nan ku tsare ni," ya ce. "Amma ku bar Yaya Hansatu ta kai su asibiti. In na mutu kun san inda za ku same su."

Ya yi bisimilla ya kafa kai. Ba kurɓa ya yi don a gani ba, sha ya yi har yana bin haɓarsa, ya sake jawo wani gugan ya ƙara. Taron ya dare, aka ɗora tsohon da Sallau a amalanke zuwa inda motarsu take. Rabe ya zauna a bakin rijiya cikin rana, gari guda ya kewaye shi ana jiran a ga ta inda mutuwa za ta fara. Duk ƙugin da cikinsa ya yi sai gabansa ya faɗi, alhali ruwa ne kawai ya yi masa yawa. A nan ya yi azahar, a nan la'asar ta same shi. Can wani ya zura ƙugiya ya fito da bokiti da guntun igiya a jikinsa. Iya Tabawa ta lakato ɓurɓushin da ya maƙale a gindinsa ta ɗanɗana, ta yatsine fuska ta ce zoɓo ne, ko sukari babu. Daidai nan mai gari ya dawo daga ta'aziyya, ya ga abin da mantuwarsa ta haifa, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Likita ya ce da an ƙara ɓata lokaci da ba a samu tsohon ba. Ya tashi, amma ido ɗaya ya dushe, Sallau kuma ya rasa haƙoran gaba. Rabe ya kasa riƙe abin a ciki, ya je ya tambayi Baba Korau me ya sa ya hana Sallau shan zoɓon. Tsohon ya gane abin da ke bayan tambayar.

"In wannan ƙaton ya kafa kai a jarka, me zan zuba?" ya ce. "Amma ba ka yi laifi ba, Rabe. Tun ina yaro nake zuba guba a rijiyar nan a cikin zuciyata. So na yi in je in zuba zoɓo a gaban kyamara, ko na huta."

Hansatu kuwa tsohon ya daɗe bai yi mata magana ba. Ya san ta ceci ransa, ya kuma san ta fasa ajiyar da ya ba ta, abubuwan biyu suka tsaya masa a rai.

Hotunan waya suka bazu a birni. Kun san halin mutane, waɗanda suka fi jifa su suka fi rantsuwa cewa rabon faɗa suke yi. Wasu suka ce Sallau jarumi ne na gaske, wasu suka ce talla ce aka shirya wa kashi na biyu. Wasu suka tsine wa Kafin Tunau, wasu suka ce duk wanda bai taɓa ganin ƙasan rijiya a shekarar fari ba ya yi shiru.

Mutanen garin dai suka yashe tsohuwar rijiya, sannan suka yi gayya suka haƙa sabuwa a bakin hanya, da alkawarin ba za a taɓa sa mata kwaɗo ba. A ƙasarsu ba a barin rijiya ba suna, kuma sunan mutum ɗaya ake sa mata, masu ɗiba su riƙa ambata suna sa masa albarka. Mai gari ya tako har birni ya roƙi Baba Korau a sa sunan Delu. Tsohon ya ce ba zai ba garin da ya hana ta ruwa sunanta su riƙa kira kullum safiya ba. Aka ce to a sa nasa, ya ce shi ai kwanciya kawai ya yi, a sa sunan wanda ya ceci ransa. Mai gari ya ce wane ne. Nan tsohon ya kasa zaɓar ɗaya cikin ukun.

Masu goyon bayan Sallau suka ce shi ya fara isa, jikinsa ya sa, da bai kwanta a kan tsohon ba da a kan gawa Hansatu za ta yi bayaninta. Ya ga masoyansa sun koma jifarsa, bai tashi ba. Masu ja suka ce rigar ce ta buɗe masa hanya, soso ya sha rabin dukan, kuma bai sauya zuciyar ko mutum ɗaya ba.

Masu goyon bayan Hansatu suka ce ita ta sa aka ajiye dutse, mace ita kaɗai a kan amalanke tana faɗa wa gari abin kunyarsa ido da ido, ta kuma san ko tsohon ya rayu tana iya rasa shi. Ba don maganarta ba ma da ba a haƙa rijiyar da ake musu a kanta ba. Masu ja suka ce alkawari ta karya, jikinta ko ƙwarzane babu, kuma bakinta ne ya ba samari hujjar da ta kusa hana a kai shi asibiti.

Masu goyon bayan Rabe suka ce Sallau ya san duka zai sha, Hansatu ta san fushi za ta sha, shi kuwa bai san abin da ke cikin gugan ba ya sha, kuma shi ya buɗe hanyar asibiti. Masu ja suka ce wa ya ga ba a yi shela ba ya ji daɗi, wa ya kai kyamara inda ba a gani? Wutar da ya kashe shi ya kunna ta, kuma cikin su uku shi kaɗai ya zargi tsohon da niyyar kisa.

Su kansu ba su sauƙaƙa abin ba. Sallau bai ɓoye ba, yana so, ya ce haƙoransa na can a garin. Hansatu ta ce ita Baba ya amsa gaisuwarta ya fi mata rijiya. Rabe bai ce komai ba, amma matarsa ta faɗi abin da ya isa mutum biyu.

Magini ya gama ɗaure bakin rijiyar, ya bar fili a jikin siminti, mai gari na jiran amsa, tsohon kuma har yau bai bayar ba. To, ku da kuka ji daga farko har ƙarshe, tsakanin Sallau da ya kwanta, da Hansatu da ta yi magana, da Rabe da ya sha, sunan wa ya cancanci a rubuta a bakin rijiyar nan?